Mai Neman Hatimi a Shagon Kekuna

Tun da baƙon nan ya shigo, Zulfikar Butt, mai sayar da kekunan tsere a kasuwar Nila Gumbad ta Lahore, bai ɗauke ido daga kansa ba. Dogo ne, ƙwaurinsa duk jijiya, kafaɗarsa ta hagu a karkace kamar ɗorin da bai kama daidai ba. Ba ya tambayar nauyin keke, ko fenti ba ya shafawa. Takardar garanti kawai yake bi da yatsa, layi-layi. A zuciyar Butt, ko dai masu shagon gaba ne suka turo shi leƙen asiri, ko kuma yana cikin masu karya keke su dawo da rigima.

"Yallaɓai, ajiye takardar nan ka sha shayi," in ji Butt, yana dafa ƙirji. "Ni ne garantinka. Ga ni, ga shago."

Baƙon bai taɓa kofin ba. Daga jakarsa ya zaro guntun ƙarfen keke da ya karye daidai bakin walda, ya ɗora a kan tebur.

"Wanda ya sayar min da wannan ma ƙirji ya dafa, shayinsa kuma ya fi naka madara. Ina kan keken ya karye da ni; da aka sallame ni daga asibiti, wayar salula na tarar ana sayarwa a shagon nasa." Ya turo takardar. "Buga hatimi, ka sa hannu. Shayi zai jira."

Butt na jan aljihun tebur a hankali. Rabonsa da ganin hatimin nan tun mahaifinsa na da rai.