Haƙurin da Baba Ya Bayar a Zauren Liman

Daminar bara aka yi wani ruwa a Tudun Wada wanda har kwaɗi suka nemi hawa soro. Ruwan na ɗaukewa, katangar maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da goro, ta kwanta. Ya fito yana nuna indararon ɗakina, wai shi ya yi ta zuba mata ruwa. Ɗakin nan ni da Baba muka gina shi, da ƙafafuna na kwaɓa ƙasar. Katangar kuwa, ko kaza ta jingina da ita sai ta yi tangaɗi.

Liman ya kira mu zaurensa, ya ce duk abin da aka faɗa a ciki ba zai fita ba. A wurinmu, in aka zauna sulhu, ƙarami ke ba da haƙuri ko da shi aka cuta, don zuciyar babba ta yi sanyi. Da yake mai goro ya girmi Baba, Baba ya durƙusa ya ce, “Laifina ne, Malam, ka yafe mini. Zan kama maka ginin.”

“Ka kama mini? A rushe ɗakin yaron nan, shi ke nan!”

Aka tashi ba a shirya ba. Ba a jima ba sai ga dogarin alƙali a ƙofar gidanmu, ƙato, inuwarsa kaɗai ta isa a shanya gero. Mai goro ya kai ƙara, ya ce Baba ya amsa laifi da bakinsa.

Unguwa ta ɗauka. Wannan ya ce za a rushe ɗakin, wancan ya ce daga gidan yari Nasara ke ɗibar mutane su kai su ɗaukar ƙarfen hanyar jirgi. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa da na ga jan kaya, ko barkono ne aka baza, sai in canja hanya.

Ranar shari’a muka shiga birni a ƙasa, ni da Baba. Mai goro ya gama bayani, alƙali ya dubi Baba.

“Ka faɗi haka?”

“Na faɗa, Allah ya gafarta Malam.”

Na ji kamar an riga an sa wa ɗakina gatari.

“A ina?”

“A zauren Liman, wurin sulhu.”

Aka kira Liman. Ya ce, “Ni na ce ya durƙusa. In na maimaita maganarsa a nan, gobe ba wanda zai buɗe baki a zaurena.”

Mai goro ya ce, “Amma ai da kunnena na ji!”

Alƙali ya ce, “Ka ji mutum yana neman zaman lafiya da kai. Wannan ba hujja ba ce. Akwai wanda ya ga ruwan yana cin katangar?”

Babu. Ban gama sauke numfashi ba aka ce Baba ya rantse cewa ba indararonmu ba ne. Aka kawo Alƙur’ani. Baba ya dube shi, gumi na bin gemunsa, ya ce, “Ba zan iya ba. Ban sani ba ko shi ne.”

Aka mayar wa mai goro rantsuwar: in ya yi, ya ci shari’a. Ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama har na zaci tsufa zai same ni a wurin. Sai ya janye, ya ce bai yi alwala ba. Aka ce ga buta. Ya ce mararsa na ciwo.

Alƙali ya kora mu wurin Liman. Ɗakina ya tsira, aka juya indararon cikin gidanmu, ni kuma na kwaɓa wa mai goro ƙasa har tafin ƙafata ya tsage. Har yau ba ya amsa gaisuwata. Da hadari ya haɗu, sai in leƙa ta bayan gida in ga ko sabuwar katangar na nan tsaye.