Faifai Mai Ruwan Ƙasa

Jiya da hantsi na buɗe murfin wani tsohon fiyano a wani gida bayan Wendover Avenue, sai warin nan ya bugi hancina: tsohon katako, ƙura, da ulun da asu ya fara ci. Na tsaya riƙe da murfin har matar gidan ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ƙarya nake yi, kuma gara ka sani tun yanzu, irin wannan ƙaryar na daɗe da iya ta. Warin jakar aikin kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho.

A unguwar Glenwood na tashi, a wani ƙaramin gidan katako da daɓensa ke kuka in an taka, ɗaliban jami'a suna haya hagu da dama. Mu uku ne: ni, da Mama mai aikin jinya, da mahaifinta. Baba Tsoho ya koyi gyaran fiyano tun yana saurayi a makarantar mishan can gida Najeriya. Da Mama ta ɗauko shi ya zo rainona, sai ya ci gaba da sana'arsa a majami'u da gidajen mutane. Aikin shi ne ɗaure tsirkiyoyin fiyano ko sassauta su har kowace murya ta zauna inda ya kamata. Sauran masu sana'ar suna da ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, a buga shi a gwiwa ya ba da muryar da za a fara awo da ita. Shi ma yana da nasa, naɗe da tsumma a gindin jaka, amma ban taɓa ganin ya ciro shi ba. Cewa yake muryar tana cikin kansa, Allah ne ya sa masa ita, ƙarfe na ragwaye ne. Mutum ne mai ji da kai, Allah ya ba shi hutu, kuma a wurinsa na gado.

Garin nan bai taɓa kwanta masa a rai ba, aikin ne kawai ya riƙe shi. Yakan faɗa wa Mama a kan abinci, ba faɗa ba wasa: "Ranar da kunnen nan ya mutu, ki saya mini tikiti. Ba zan zauna a ƙasar mutane ina cin tuwon banza ba." Mama takan yi dariya. Ni ba na yi. Shi ke raka ni bakin titi in hau bas ɗin makaranta, shi nake tararwa in na dawo, kuma saboda shi ne bakina ya kama Hausa, don in na amsa masa da Turanci sai ya yi kamar ba da shi nake ba.

Muna da wani wasa na kowace Lahadi da la'asar, bayan an taso daga coci an ci an ƙoshi. Akwai irin kiɗan Turawa da fiyano ɗaya ke gaba, taron masu goge da masu busa suna amsa masa, wani lokaci suna neman danne shi. Konchato suke ce masa. Baba Tsoho yana da wani guda ɗaya da yake so fiye da kima, kiɗa mai nauyi mai taɓa zuciya, ya saye shi har a faifai uku, kowanne da makaɗansa daban. Ba ma kiran su da sunan kowa sai da launin kwalinsu: ja, fari, da mai ruwan ƙasa.

Ja na wani ƙato ne da ke dukan fiyano kamar ya yi masa laifi. Baba Tsoho yakan ce mutumin yana da hannu amma ba shi da kunya. Fari na wata mata ce, yatsunta tsaf, sai dai tana sauri. Ya ce da gani ta bar tukunya a wuta. Mai ruwan ƙasa kuwa daban yake. An ɗauke shi da fiyanon zamanin da aka tsara kiɗan, ƙarami, 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyinsa da fata aka naɗe su ba da ulu ba, masu gogen ma da tsirkiyar hanji suke kiɗa irin ta da. Muryarsa ba ta cika ɗaki. Tana fita ta mutu da wuri, har kana jin motsin katako a ƙarƙashinta, kuma inda ja ke ihu shi magana yake yi. Abin da ya fi muhimmanci, an saita muryarsa ƙasa kaɗan da ta yanzu, domin yadda mutanen wancan zamanin suke yi ke nan. Kaɗan ne ƙwarai. Mama ta sha rantsewa ba ta jin wani bambanci.

Ga yadda wasan yake. Zai zauna a kujerarsa ya juya wa na'urar kunna faifai baya ya rufe ido. Ni zan zaɓi faifai ɗaya in sa, in bari bugun farko kawai ya fita, in kashe. Shi kuma ya faɗi ko wanne ne. In ya ci, in kawo masa shayi. In ya kuskure, ya saya mini askirim a Elm Street. Shekara biyu ina kai shayi. Yakan karɓa yana tsokanata, wai amaryarsa ta iya shayi amma kunnenta na katako ne, sannan ya sa mu saurari faifan har ƙarshe yana nuna mini inda kowa ya yi daidai da inda ya yi shirme. Ban san koya mini yake yi ba, na ɗauka surutun tsofaffi ne.

Ina shekara goma sha ɗaya, a hutun makaranta, cikin zafin nan mai danshi da ke sa riga ta manne a baya, na sa mai ruwan ƙasa na kashe. Ko jinkiri bai yi ba, ya ce, "Ja."

Na dubi kwalin da ke hannuna. Na dubi ƙeyarsa, furfura da gumi. Askirim ɗin da na yi shekara biyu ina jira ya zo, amma abin da ya faɗo mini a rai tikiti ne. Na tura kwalin ƙarƙashin matashi na ce masa ya ci. Da ya ce a ci gaba da saurare, na ciro faifan da sauri na ce ƙura ta hau shi, na sa jan na gaskiya. Ya saurara yana yamutsa fuska, ya ce yau kamar na'urar tana gudu, murya ta hau.

Daga baya, da na shiga sana'ar, na gane abin da ya faru. Wasu masu irin kunnensa, in shekaru suka ja, muryar da ke cikin kansu takan zame ba su sani ba. Abin da ke daidai sai su ji ya hau, abin da ke ƙasa su ji shi ne daidai. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani kawai shi ne kowace Lahadi mai ruwan ƙasa yana zama ja ko fari a kunnensa, ni kuma ina cewa ya ci, in je in kawo shayi. Ya ɗora wa na'urar laifi, ya sa Mama ta kai shi wani babban kanti a Wendover ya sayo sabuwa. Ita ma ya ce gudu take yi, kayan zamani duk ƙarya ne. Masu kiran wayar gida don neman gyara suka ragu. Wata rana na ji Mama ta amsa kira ta rage murya, tana ba wata mata haƙuri a kan fiyanonta, tana cewa za ta faɗa masa. Ba ta faɗa masa ba. Ashe mu biyu ne muke ɓoye abu ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Cocinmu ba shi da gininsa, wurin wasu Turawa muke aro da rana. Sau ɗaya a shekara, lokacin da ganye ke ja yana zuba, mukan haɗu da su a yi sujadar godiya, wata tsohuwarsu ta kaɗa ogan ɗinsu, wani abin kiɗa na lantarki mai kama da fiyano, tare da fiyanon cocin. Ogan ba ya hawa ba ya sauka, inda aka yi shi nan yake. Ranar Asabar kafin sujadar na bi Baba Tsoho ya je saita fiyanon. Ya taɓa murya ɗaya ya girgiza kai, ya ce danshin bana ya sa ta hau da yawa. Ya sa makullinsa na ɗaure tsirkiya ya fara sassautawa. Ina zaune a bencin gaba, jakar tana kan cinyata, kuma na ji da kunnena, kunnen katakon nan, yadda muryar ta bar inda take daidai ta gangara ta zauna inda mai ruwan ƙasa yake. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, wuni guda, yana ta murmushi. Ta cikin jakar ina jin tudun ƙarfen nan a tafin hannuna. Miƙa masa kawai zan yi, ban miƙa ba.

Ba zan ja maka labarin Lahadin ba. Aka tashi waƙar farko, ogan da fiyano suka shiga tare, sai wani irin gurnani ya cika majami'ar, muryoyi biyu suna gogar juna. Mawaƙa suka rasa wadda za su bi. Matan zumunta suka fara duban juna. Tsohuwar ta ɗaga hannunta daga ogan, ta sake taɓawa a hankali, ta sake ɗagawa. Kowa ya san wanda ya saita fiyanon, don fasto ya riga ya yi masa godiya a gaban jama'a. Baba Tsoho yana tsaye kusa da ni da babbar rigarsa, bai motsa ba. Bambancin muryoyi biyu a lokaci ɗaya kam yana ji sarai.

Da muka koma gida bai taɓa abinci ba. Ya ciro ƙarfen daga tsummansa, ya buga a gwiwa, ya kai kunne, ya daɗe. Sannan ya juya kujerarsa ta fuskanci na'urar, ya ce in sa mai ruwan ƙasa yana kallo. Na sa. Bugun farko ya fita.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na ce tun hutun makaranta.

"Ranar Asabar kin ji?"

Na ce na ji. Na fashe da kuka ina cewa ba na so ya tafi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce fiyano nawa ya taɓa daga hutu zuwa yau, ya shiga lissafa gidajen da yatsu har suka ƙare. Sai ya sa mini ƙarfen a hannu ya naɗe yatsuna a kansa, ya ce, "To, kunnen yana wurinki. Kada ki yarda da shi yadda na yarda da nawa, kuma kada ki tambayi mai sonki." Sati biyu yana zagaya gidajen nan a bas, ni ina buga ƙarfe ina gaya masa hau ko sauka, har ya mayar da kowanne inda ya same shi. Kafin Kirsimeti ya koma Najeriya. Ban sake ganinsa ba sai a hoto.

Yanzu ni ke bin majami'u da gidajen garin nan da jakarsa. Ba na fara aiki sai na buga ƙarfen, har abokan sana'a masu awo da waya suna mini dariya. Faya-fayan sun daɗe da karcewa, amma duka ukun suna cikin waya, kuma ina da 'ya mai shekara goma da ke amsa mini da Turanci komai na yi. Mukan yi wasan da ita ranar Lahadi da la'asar. Ni ma ban taɓa faɗuwa ba, ni ma nakan yi mata gorin kunnen katako.

Lahadin da ta wuce na juya baya na rufe ido, ta sa, ta kashe. Na ce ja. Ta ce na ci, amma ta faɗa da sauri, kuma ta miƙe za ta ɗora shayi tun ban tambaya ba. Na juyo na miƙa hannu na ce ta ba ni wayar in gani. Sai ta mayar da ita bayanta.