Na Ji Ana Yi Mini Sallar Gawa Ina Cikin Rijiya

Rijiya ta rufta da ni a wani ƙauye kusa da Malisa, a ƙasar Gwandu. Haƙar rijiya ce sana'ata tun tasowata. Ban yi karatu ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. A lokacin ni mutum ne mai taurin kai. Ƙasar wurin yashi ce, abokan aiki suka ce a ɗaure bango da siminti kafin a ƙara zurfi. Na ce layun da ke ƙuguna sun ishe ni.

Da hantsi bangon ya zubo. Wani katako ya tokare bisa kaina, ƙasa ta danne ni har ƙirji. Duhu. Ina jin muryoyi sama kamar daga ƙarƙashin ruwa. Suka ja igiya ta tsinke, suka kira ban iya amsawa ba. Can na ji dattawa sun yanke cewa wanda ya shiga shi ma zai tafi, a yi mini salla a cike ramin ya zama kabarina. Na ji kabbarorin da kunnena. Ban ga laifinsu ba.

Sai na fara jin ƙarta, ba daga sama ba, daga gefena. A hankali, tana matsowa. Na ɗauka abin da ke zuwar wa matattu ne. Hannu mai sanyi ya fito daga cikin ƙasa ya shafa fuskata.

Wani magini ne, Badakkare Kirista, da ke aiki a ƙauyen. Mutumin da na sha hana shi taɓa kwanon shan ruwana. Ya roƙe su su dakata, ya sauka ya haƙo ta gefe har ya fid da ni.

Da na warke na same shi a Kalgo inda shagonsa yake, na tambaye shi me na taɓa yi masa da zai shiga ramin nan domina. Ya ce ba kome, ɗan'uwa. Ya ce haka Yesu Almasihu ya sauko wurinmu muna kwance ba mu iya ko amsa kira, kuma bai tambayi ƙabilar kowa ba, Bahaushe ko Bafillace ko Badakkare. Alheri ne, ba a saye, ba a cancanta. Na gane, don na san yadda kwanciyar take.

Mai karatu, kada ka raina mutum don asalinsa, kada ka dogara da abin da ka ɗaura a ƙugu. Ni dai na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Wasu 'yan'uwana sun daina amsa gaisuwata. Ƙafata ta hagu ta mutu tun ranar da rijiyar ta rufta. Ina Kalgo yanzu, ina ɗinkin guga, ina kwana a shagon maginin.