Abin da Ban Faɗa Mata a Salula Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a wani ɗan wurin shan magani a Gure, ɗaki biyu da rumfa. Mutanen ƙauye su zo ranar kasuwa, in duba su, su koma. Sai mai wurin ya ce ya gaji da jiran maras lafiya ya kawo kansa. Ya saki ɗaki ɗaya, ya sayi moto biyu, wato babura, ya ce daga yanzu mu za mu riƙa bin mutane har kwarin da suke noman garka, wato lambu. Ni da bayana ba ya jure girgizar hanyar rairayi, aka bar ni da tebur da salula. Wai ni ce babba, duk wanda ya fita ya kira ni in ba shi shawara. Ni dai na san ajiye ni aka yi.

Wadda aka ba hanyar Gidigir yarinya ce 'yar Damagaram, ba ta daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar jinya. Ba ta da wani aibu, shi ne ma abin haushin. Ga hannu mai sanyi wajen allura, ga ladabi, "Yaya" ba ta barin bakinta. Ta dawo da la'asar, rairayi har cikin kunne, jaka cike da dabino da tumatir da aka ba ta, ta zuba min rabi. In yi godiya, in kai gida in ba yara, don ni ba ya wuce min a maƙogwaro. Kishi nake, ba sai an tambaye ni ba. Mutanena ne take zagayawa suna sa mata albarka.

A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ciwon sukari, a wani kwari bayan Gidigir. Shekara bakwai ina duba ta. Hausarta kaɗan ce, Barbarci muke yi da ita, kuma "'yata" take ce min. Na san halinta sarai. In ɗanta na fari ne ya rako ta, sai na ƙirƙiro masa aike kasuwa kafin mu fara. Kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta buɗe baki a gabansa ta ce ga inda ke mata ciwo. In yana tsaye, ko naman jikinta ake yanka "lafiya lau" za ta ce.

Wata Laraba da hantsi yarinyar ta kira ni, muryarta cike da murna.

"Yaya, na ga tsohuwarki. Sukarin ya ɗan hau, amma ta ce ba abin da ke damunta. Har ta riƙe hannuna ta ce ni 'yarta ce."

Na ce, "Wa ya yi miki tafinta?"

"Babban ɗanta. Mutumin kirki, yana tsaye har muka gama."

Na san abin da ya kamata in ce. Kalma nawa ce? Ki sallame shi, ki nemo mace mai jin Hausa, ki ɗaga zane ki duba jikinta. Amma wannan "'yarta" ta tsaya min a ƙirji. Na ce a raina, tunda 'yarta ce, ta gano da kanta mana.

Na ce, "To madalla. A ci gaba da maganin."

Wallahi ban nufi tsohuwa da sharri ba. So nake yarinya ta kasa, tsohuwa ta ce a kai ta wurin likitarta ta Gure, mai wurin ya ji da kunnensa. Mako ya zagayo, ta sake kira, labarin bai canza ba, na sake yin shiru. A na uku na ɗaura niyyar faɗa, muna cikin gaisuwa layi ya yanke. Ban sake kira ba. Na ɗora wa layi laifi na ci tuwona.

Bayan kwana biyar aka kawo tsohuwa a amalanke, jiki zafi rau, tana sambatu. Tun daga ƙofa na ji warin. Na ce ɗan ya fita, na ɗaga zanen. Ƙurji ne a saman cinya, ya fashe ya zama miki faɗin tafin hannu, ya ci nama ya yi zurfi. Daga baya ta gaya min ranar da yarinyar ta fara zuwa bai fi ƙwayar wake ba. Na wanke abin da zan iya, muka tura ta babban asibiti a Damagaram. Wata biyu ta yi can. Ta tashi da ranta, amma ƙafar ta sandare, ta daina gangarawa garkarta.

Ranar da aka sallamo ta suka biyo ta wurinmu, yarinyar ma tana nan. Ta durƙusa za ta gaishe ta, tsohuwa ta kawar da kai. Ta kamo hannuna, ta haɗo 'yar Hausarta don kowa ya ji.

"Wannan sau uku tana zuwa, ba ta ga komai ba. Ke kallo ɗaya kika yi."

Mai wurin yana tsaye ya ji. A satin ya sauke yarinyar daga hanyar Gidigir, tsohuwa kuma ta dawo hannuna. Duk wata ɗanta ya kawo ta a amalanke, mutum biyu su ciccibo ta su shigo da ita.

Da suka tafi a ranar sallamar nan, yarinyar ta same ni a rumfa, ido ya yi jawur.

"Yaya, don Allah ki koya min aiki. Saura kaɗan in kashe baiwar Allah."

Na dafa kanta na ce ba komai, kowa da haka ya fara. Har yau ba ta taɓa maras lafiya sai ta kira ni, har yau kuma ban gaya mata ba.