Likkafanin da ya je Abijan ya dawo

Salamu alaikum, 'yan uwa. Tun ƙuruciyata nake riƙe da maganar nan, ko 'ya'yana guntu-guntu suka sani. Yau zan faɗe ta duka, wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri.

Ina ƙaramar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tama, shekarar babban fari, numfashi ya fara gagara ta. Daga rijiya zuwa gida sai na zauna a hanya. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Aka ce iska ce. Na sha hayaƙi, na sha jiƙo, ba sauƙi.

Asibitin Buza suka tura ni Tawa, Tawa suka tura ni Yamai. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce ƙofar zuciya ce ta lalace, aikin kuwa sai Abijan. Gwamnati ta ɗauki nauyin jirgi da aiki, Baba ya sayar da garkar albasarsa don magani da guzurin wana Iliyasu, wanda zai raka ni.

Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ita ta ɗaure mini kaya. A garinmu kowa ya yanke cewa wanda jirgi ya ɗauka don ciwo ba ya dawowa. Masu zuwa sallama ma yafiya suke nema.

Da muka sauka, aka buɗe ƙofar jirgi, iska mai ɗumi da danshi ta rufe mini fuska, na ce yau numfashin ya ƙare. Ga mutane maƙil, ba mai jin Hausa. A kujera mai taya aka tura ni wurin duwan, masu binciken kaya.

Ma'aikacin ya zazzage jakata a kan tebur. Daga can ƙasa ya jawo farin alawayyo sabo fil, da kwalbar turare, da ƙullin ganyen magarya. Ya shinshina ganyen, ya tambaya ko mene ne.

Ni na sani. Da shi ake wanke gawa.

Iliyasu ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani.

Wallahi ba tsoro na ji ba, haushi na ji. Ina zaune ina numfashi, an riga an shirya ni! Na miƙe daga kujerar, na naɗe alawayyon da hannuna, na ce masa: "Riƙe shi da kyau, Yaya. Da ƙafata za ni maida ma Gwaggo abinta."

An tsaga ƙirji. Na sha allura, na sha kuka, na ci rogo har na manta ɗanɗanon fura. Duk safiya in kama gado in taka, ina tuna jakar.

Da na dawo, na ajiye shi gaban Gwaggo. Ta fashe da kuka. "Ɗiyata, tsoro na ji a rufe ki da tsumman baƙi."

Na yafe mata, ƙauna ce. Amma ban bar mata shi ba. Marina na kai shi aka rina baƙi.

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Baba da Gwaggo, ya saka wa Iliyasu da likitocin da ban riƙe sunansu ba.

Shawarata: yaro ya yi ciwon maƙogwaro da gaɓoɓi, ku kai shi asibiti, nawa daga nan ya faro. Kuma kada ku yanke wa mai rai ƙauna, kwana na Allah ne.

Zanen nan, da shi na goya 'ya'yana duka.