Haman Wanzami da Hoton Katin Idris

Babba mai shayi ne ya fara ba ni labarin Haman. Na zauna a bencinsa da suma buzu-buzu, ya dube ni ya ce, "Alhaji, je ka wurin Bafillacen nan na Garwa ya yi maka aski. Amma ka sani, in ya gama da kanka, wayarka ma sai ya aske ta." Afra'u, ke da na sa ki rubuta mini labarin nan, rubuta shi yadda na faɗa, kada ki gyara mini.

Haman wanzami ne, ɗan wanzami. Yana saurayi ya zo Yawunde da zabira a kafaɗa, ya zauna nan unguwar Briketeri, ya yi aure, ya yi furfura. Hausarsa a kasuwar Mokolo ya tsince ta, shi ya sa in ransa ya ɓaci ko mace ce sai ya ce mata "kai". Bai yi boko ba. Abin da ya iya a waya, saƙon murya da ɗaukar hoto.

Shekarun nan da arewa ta rikice, ana ta jin tashin bam a can, mu nan duk mai riga da hula ya zama abin tuhuma. In aka tare ka a hanya ba kat dantite, katin shaidar nan, sai ka kwana inda ba ka so. To shi ya sa wanda ya tsinci katin wani yake ganin lada ya tsinta. Sai ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya watsa a wasaf, ya ce don Allah a tura har ya kai ga mai shi. Kowa kuma ya tura. A wannan aikin ba wanda ya kai Haman himma.

Ran nan ya tsinci katin wani Idris, mahauci a unguwar Etudi. Ya ɗauka ya watsa. Kafin la'asar sai ga Idris da cinyar rago yana ta godiya. Ashe a cikin masu karɓar hoton akwai ɗan banza. Ya je ya buɗe layukan waya da sunan Idris, yana kiran mutane yana yi musu barazana. Sai masu kaki suka zo har mayanka suka tafi da Idris, ko hannunsa bai wanke ba.

Dattawa sun sha zirga-zirga kafin a sako shi. Ya fito a rame, masu sayen namansa sun watse, kuma aka gaya masa akwai sauran layuka da sunansa, kowace rana ana iya dawowa a ɗauke shi.

Haman ya je gaishe shi. Idris ya ce, "Baba Haman, kada ka damu, ai alheri ka yi."

Haman ya ce, "Alherin da ya kwantar da kai a siminti? Kada ka ƙara kiransa haka a gabana."

Ya dawo gida ya zaunar da 'yarsa Lailatu, mai sayar da kiredin waya a bakin titi, ya ce ta koya masa. Ta koya masa goge hoto, ta koya masa kulle waya, tana yi yana faɗa yana mantawa, har ya iya.

Daga nan askinsa ya canza. Sai ya jiƙa maka kai, ya aske rabi tas, ya ninke askar ya miƙo hannu. "Kawo waya." Wa zai tashi da rabin kai? Sai ya nemo hoton katin Idris, ya sa ka goge da yatsanka. Sannan a kulle wayar.

"Zaɓi lamba huɗu, kada ka gaya mini."

"To, shekarar da na je Makka."

"Wadda ka cika mana kunne da ita? Akuyar unguwar nan ma ta san ta. Sake wata."

Yana ƙarasa askin yana yi maka karatu. In ka tsinci kati, faɗi suna kawai da baki, mai shi ya zo da fuskarsa a gwada. Kada ka tura hoton katinka wa wanda ba ka taɓa haɗa ido da shi ba. In lamba ta shigo wayarka wani ya kira ya ce ka karanto masa, ko da wace irin sallama ya yi, kashe wayar. Gidan suna ma bai bari ba. Yana gama askin jariri sai ya ɗaga murya yadda mata za su ji daga ciki.

Ba kowa ya so ba. Alhaji Abdulmajid, babban tela, ya hana wayarsa. Ya ce, "Kai wanzam, kai ne za ka hana Musulmi aikin lada? Hoton nan ya kai Duwala, ya kai Kano. Can ma za ka bi shi?"

Haman ya ce, "Kano da wanzamanta. Ni kawunan Briketeri aka ba ni."

"To ƙarasa mini askina."

"Waya tukuna, Alhaji."

Alhaji ya ɗora hula a kan rabin kai ya fita, bai ƙara dawowa ba, ya janye yaran shagonsa duka. Wasu ma suka bi shi. Matar Haman, Zuhura, ta ce, "Malam, za ka kore mana abinci." Ya ce, "Kai, bar ni! Gara in ci tuwo gaya, ba zan aske kan da ke yawo da katin mutane ba."

Amma gogewa ba ta rufe layi. Wannan sai an je kamfanin wayar da ƙafa, ga shi Idris tun da ya fito, ko ƙofar ofis ya gani sai ya juya. Haman ya riƙa zuwa Etudi yana jawo shi da hannu. A ce su dawo gobe, su dawo. A yi musu Faransanci mai sauri, Haman ya ce a maimaita, ba inda za shi. Da naci aka rufe layukan, saura ɗaya. Wannan aka ce sai Idris ya kawo takarda daga komisariya, ofishin 'yan sandan da aka fara kulle shi.

Idris ya ce ko a mafarki ba zai taka wurin ba. Haman ya ce, "Ni zan fara shiga, kana bayana. In riƙe mutum suke so, ga tsoho nan, su riƙe." Da ƙyar Idris ya yarda, suka sa ranar Litinin.

Ranar Juma'a zazzaɓi ya kwantar da Haman. Lailatu ta ce ko a gadon asibiti cewa yake a wanke masa farar rigarsa, a gaya wa Idris kada ya kuskura ya fasa. Ranar Lahadi muka kai shi makwancinsa.

Idris bai je ba har yau. Layin nan yana buɗe, wani yana can yana magana da sunansa.