Gidan da Aka Rubuta Masa Hausa Daga Zaure

Litinin: Kano zuwa Potiskum

Ƙarfe biyar da rabi, ina sallame sallar asuba, motar ofis ta tsaya a ƙofar gidana. Mu uku ne: ni ma'aikaciyar jinya, direbanmu Malam Buba, da shugaban tafiyar, Oga Tijjani. Aikinmu bin gidaje muna rubuta harshen da kowa ya tashi da shi, don a san yaren da za a riƙa yi wa jama'a bayanin magani.

Ba mu kai Wudil ba Oga ya gama aikin da baki. "Sista, asarar mai kawai za mu yi. Wa ye ba ya jin Hausa a Potiskum?" A shingen sojoji kafin Azare ya ɗaga katin ofis yana hura hanci, sojan ko kallonsa bai yi ba, but ɗin mota kawai ya ce a buɗe. Mun karya da shayi da biredi a Azare ƙarfe tara. Sha ɗaya saura muka shiga Potiskum, bayan tafiyar kilomita ɗari uku da wani abu. A masauki Oga ya zaɓi ɗaki mai sanyi, ni aka ba ni mai fankar da ta yi ritaya.

Talata: unguwar Dogo Tebo

Ƙarfe takwas muka hau keke napep, don lungunan sun fi ƙarfin mota. Ga yadda Oga ke ƙidaya. Ya yi sallama, mai gida ya fito ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya tambaye shi da Hausa, mutumin ya amsa da Hausar da yake ciniki da ita a kasuwa, shi ke nan an rubuta wa gida duka Hausa. Namiji ba ya shiga cikin gidan mutane, wannan gaskiya ne. To ni me aka kawo ni yi? Riƙe masa jaka, ashe.

A gida na tara, gidan wani dillalin shanu, na jiyo kukan yarinya, irin kukan da ba ƙarfi a cikinsa. Na ajiye jakar na shige. Wata tsohuwa na tarar da jikarta a cinya, 'yar shekara biyu, idanu sun zurma, leɓe ya bushe. Ga ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake zubawa a ruwa lita guda, ta juye shi duka a ɗan kofin shayi tana ɗura mata.

"Kaka, an yi miki bayani a asibiti?"

"To."

"Yaushe ta fara gudawar?"

"To."

Na leƙa katanga na kira maƙwabciya, Talatu mai awara. Ta ce, "Ayya Sista, Kaka Ngizimanci kaɗai take ji. Daga ƙauye ta zo riƙon yarinyar, uwar tana asibiti haihuwa. Kuma a wurinsu babba ba ya ce wa mai ilimi bai gane ba, kamar ya raina shi ne."

Mai gidan da aka kira cewa ya yi, "Ai na ɗauka an yi mata bayani." An yi kuwa, da harshen da ba ta ji.

Talatu ta fassara, muka haɗa ruwan yadda ya kamata, muka ɗauki yarinyar a keke zuwa asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Da na dawo, Oga na zaune a zaure yana duba agogo. Takardar gidan tuni ta sha Hausa daga sama har ƙasa.

"Oga, a gyara layin tsohuwar nan."

"Da biro na rubuta, Sista. Za ki ɓata min takarda."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizge biron na soke, na rubuta Ngizimanci. Sannan na koma gidaje takwas ɗin baya, na shiga har madafa. Wata surukar Bolanci take yi, wata amaryar Karekaranci. Kallon kitse Oga ya yi wa rogo tun safe, da digirinsa biyu.

Juma'a: komawa gida

Laraba da Alhamis ni ke shiga cikin gidaje, Oga yana zaure yana cin gyaɗa. Mun taso ƙarfe shida, Oga ya yi barci tun daga Azare, da hannunsa a kan takardun kamar za a sace. Sha ɗaya da rabi ina gida, alhamdu lillahi. Godiyata ga Malam Buba da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Talatu da ta bar kaskonta a wuta ta bi mu asibiti. Oga kuwa, Allah ya ƙara masa tsaftar takarda.

Ina cire takalmi Talatu ta bugo waya: yarinya ta tashi, har ta sha kunu. Sai ta miƙa wa Kaka. Tsohuwar nan ta yi ta magana, ta fi minti uku. Ban tsinci kalma ko ɗaya ba, kuma kunya ta hana ni katse ta. Sai ji na yi bakina yana cewa, "To, Kaka. To."